Yadda Za a Aske Gashin Jiki Ba Tare da Ƙuraje Ba

Duk wanda ya yi karatun zaure a Madabo ya san hukuncin gashin jiki tun yana ƙarami. A wannan unguwa da ta yi suna wajen karatun fiƙihun Malikiyya, ɗalibi kan iso babin fiɗira a Risala ya ji cewa aske gashin mara da cire na hammata sunna ne, kuma hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna kada a bar su su wuce kwana 40. Amma malam ba ya tsayawa koyar da riƙon reza, a gida kuma kunya ta hana tambaya. Shi ya sa samari da 'yan mata, har da manya, suke fama da ƙaiƙayi da ƙuraje da baƙin tabo, suna zaton dole ne sai an sha wannan wahala.

Ga inda matsalar take. Gashinmu na baƙar fata murɗaɗɗe ne. Idan aka ja fata aka aske shi ƙwal, guntun da ya rage yakan noƙe ciki da tsini a bakinsa. Da ya fara tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fata, wurin ya kumbura, wani lokaci har ya tara ruwa. Mai nacin sai wuri ya yi sumul shi ya fi kowa samun ƙurajen aski.

A fara da jiƙawa. Ku lura da wanzami: ba ya ɗora aska a kan busasshen kai, sai ya yayyafa ruwa ya yi ta murzawa da tafin hannu har gashi ya yi laushi. Haka jiki yake so. A bari sai ƙarshen wanka, bayan ruwan ɗumi ya ratsa wurin na minti 3 zuwa 5. Idan gashin ya yi tsawo, a fara rage shi da almakashi don kada ya cushe reza. Sannan a shafa man aski ko kumfar sabulu mara turare. Da hunturu, lokacin da fata ke bushewa, askin da ba ruwa ba kumfa neman yanka ne kawai.

Sai reza. Dakusasshiya fizgar gashi take yi, ta sa mutum dannawa. A canza ta bayan aski 5 zuwa 7, ko da zarar an ji ta fara ja. Kada a bar ta a jiƙe a makewayi ta yi tsatsa. A wanke, a ajiye inda za ta bushe. Kuma reza ba a aronta, ko tsakanin miji da mata, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini.

Wajen askin, a shafa da yatsa a ji inda gashi ya kwanta, a bi da reza ta nan, ba a tare shi ba. A riƙa ja kaɗan-kaɗan, hannu sakwa-sakwa, ana ɗauraye bakin rezar bayan kowane ja. Gashin mara galibi ƙasa yake kwanciya. Na hammata kuwa ba alƙibla ɗaya yake bi ba, sai an ɗaga hannu an duba. Kada a maimaita wuri ɗaya fiye da sau biyu.

Bayan an gama, a wanke da ruwan sanyi, a dangwala tawul mai tsabta ba tare da gogewa ba, a shafa man kaɗanya kaɗan. A ɗaga wa turare da man hana warin hammata ƙafa zuwa washegari. Toka da kanwa da man goge baki da wasu ke shafawa ƙona fata suke yi. A sa sakakkun kayan ciki na auduga, musamman da bazara. Mai son yi don Juma'a ya yi tun daren Alhamis, fata ta kwana ta huce.

Wanda reza ba ta karɓe shi ba, ya koma injin aski da ke barin ɗan tsiro. Mai amfani da man cire gashi ya gwada a ɗan wuri kwana guda kafin nan, kada ya wuce mintunan da aka rubuta a kwalin, kada kuma ya kai shi ga al'aura. Amaryar da za a yi wa halawa ta yi saura kwanaki biki, ba ana gobe ba.

Idan ƙuraje sun riga sun fito, a dakatar da aski har su warke, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a daina matsa su ko tono su da allura. In suka yi mugunya, ko tabon ya fara tasowa yana kauri, ko mutum yana da ciwon suga, to a je a ga likita. Daga Madabo zuwa Asibitin Murtala ba nisa, kuma likita ya saba ganin irin wannan.