Kun Gama Fim, To Wa Zai Kalla? Kira Ga Ɗalibai Masu Shirya Finafinan Laifi

Duk ƙarshen zangon karatu, ɗaliban aikin jarida da na wasan kwaikwayo kan shirya gajerun finafinai a matsayin aikin kammalawa. Sana'ata yanka tirela da tsara tallan finafinai, don haka da yawa daga cikin waɗannan ayyuka kan biyo ta hannuna. Kaso mai tsoka a cikinsu labarin laifi ne: sata, kisan kai, damfara, ƙwacen waya, safarar ƙwaya. Ba abin mamaki ba ne, domin abin da matasa ke gani ke nan a unguwanninsu, shi suke ji a rediyo kowace safiya. Abin da ke ci min rai shi ne makomar waɗannan finafinai. Yara su haɗa kuɗin aljihunsu, su ari kyamara, su sha rana a lokeshan, su kwana gaban kwamfuta, malami ya ba da maki, shi ke nan fim ya kwanta a cikin filashi. In ma an ɗora a YouTube, 'yan aji ne da dangin jarumi kaɗai za su leƙa. Wannan asara ce, kuma akwai hanyar kauce mata.

Kafin maganar talla, akwai maganar izini. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinai, bisa hujjar cewa wasu na koyon dabarun ɓarna daga allo. A 2024 ta sake hana finafinan faɗan daba. A 2022 rundunar 'yan sandan Najeriya ta gargaɗi masu shirya fim da barkwanci kan sanya kakinta ba tare da izini ba. Ita ma hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta fitar da ƙa'idoji a 2024 kan ƙawata shan taba da tsafin neman kuɗi. Kada ku ce ai namu na makaranta ne. Ranar da fim ya fita daga aji ya shiga idon jama'a, ku ɗauka waɗannan dokoki sun shafe ku. Ku karɓi takarda daga sashenku, ku je ku tambayi hukumar jiharku tun labarin yana kan takarda. Gyaran rubutu ba ya cin ko sisi, amma sake ɗaukar sin bayan kowa ya watse ba ƙaramin aiki ba ne.

Wasu ɗalibai kan ji kamar an ɗaure musu hannu. Ni ban ga haka ba, saboda abin da ke jan mutum ga labarin laifi tambaya ce: wa ya aikata? Me ya kai shi? Za a kama shi kuwa? Jini da wuƙa da ihu, mai kallo ya gan su a finafinan Indiya da na Amurka waɗanda aka kashe musu maƙudan kuɗi, ba za ku burge shi da jan fenti ba. Amma tambayar da ta taso daga irin gidansa da irin layinsu, wannan babu mai ba shi sai ku.

Akwai wasu ɗalibai da suka kawo min fim kan kuɗin adashe da suka ɓace daga akwatin uwar adashe, saura kwana ɗaya a yi kwasa. Mutum uku ne suka san inda makulli yake: ɗanta, kishiyarta da yarinyar da ke mata aike. Tirelar da suka fara yankawa gudu ce da doke-doke daga farko har ƙarshe, har an nuna fuskar ɓarawon. Muka zauna muka sake ta. Ta fara da hannun dattijuwar yana rawa tana buɗe akwati, ta ga wayam. Sai mata suna sallama a tsakar gida, kowacce ta zo karɓar haƙƙinta. Sai fuskokin mutum ukun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kau da kai. Sai allo ya yi baƙi, rana da wurin haska fim suka fito. Ba ta kai minti ɗaya ba. Kafin ranar, 'yan ɗakunan kwanan ɗalibai har musu suke yi kan wanda ya ɗauki kuɗin, kuma musun ne ya cika zauren.

Haka nan batun sunan fim da fosta. Ku zaɓi suna gajere wanda baki zai iya riƙewa, wanda yake da wata a ƙasa. A fosta kada a jera duk 'yan aji don kar wani ya yi fushi. Fuska ɗaya ko abu ɗaya ya isa: makulli, takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, waya mai fasasshen gilashi. Ku tuna yawancin mutane a ƙaramin allon waya za su gan ta, suna wucewa da babban yatsa. In ba a iya karanta sunan fim a hoto mai girman akwatin ashana, a sake shi.

Sannan ku kula da sauti fiye da yadda kuke kula da hoto. Mai kallo zai yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in ƙarar janareta ko iska ta danne magana, zai fita bai waiwaya ba. A fim ɗin bincike kuwa, kalma ɗaya da ba a ji ba tana iya zama ita ce mabuɗin labarin gaba ɗaya. Kuma kada ku ɗauko kiɗan finafinan waje ku liƙa. YouTube yana da manhajar gano kiɗan da ke da mai shi, zai iya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗin talla ga mai kiɗan. A cikin makarantarku akwai yaran da ke haɗa kiɗa a kwamfuta, su ma suna neman inda za a ji aikinsu.

Masu kallon farko ba a intanet suke ba, suna kewaye da ku, kuma tun kafin a kunna kyamara ake tara su. Duk wanda ya ba ku aron gida ko shago ko adaidaita sahu, duk wanda ya fito ko da wucewa ce, ya zama mai tallan fim ɗin in kun girmama shi. Ku karɓi lambarsa, ku tura masa hotunan bayan fage, ku rubuta sunansa a ƙarshen fim, ku gayyace shi da kati. Ku sa mutum ɗaya a cikinku wanda ba shi da wani aiki sai wannan, ku ware masa wani abu a kasafin tun farko.

Ranar haskawa, ku nemi zauren makaranta da furojekta, ku kauce wa makon jarrabawa da lokutan salla da daren manyan wasannin ƙwallo. Ku gwada lasifika tun da rana. Bayan fim ku buɗe tattaunawa, ku gayyaci lauya ko jami'in ɗan sanda ko na hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ko malamin nazarin halayyar jama'a. Wannan zai jawo mutanen da ba fim ne ya dame su ba, kuma ya ba gidan rediyon makaranta abin ɗauka.

Bayan nan ne za ku hau intanet. Ku sa rana da lokaci, duk 'yan ƙungiya su ɗora tirela a WhatsApp da Facebook da TikTok a tare. Shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So sun nuna cewa masu jin Hausa na bin fim a YouTube in sun san ranar da zai fito. Ku sa fassarar Turanci a ƙasan allo, domin ita za ta buɗe muku ƙofar bukukuwan finafinai irin su Zuma na Abuja, wanda Hukumar Finafinai ta Najeriya ke shiryawa. Ku duba jadawalin da YouTube ke ba mai tasha, wanda ke nuna daidai inda mutane suka daina kallo. Wannan darasi ne kyauta ga fim na gaba. Kada ku sayi masu kallo na bogi, ba sa kallo, ba sa gaya wa kowa.

Akwai iyakar da nake roƙon kada ku tsallake komai son ku da suna. Kada ku yanki wani sin ku watsa shi kamar abin da ya faru da gaske. A garin da mutane ke kwana da fargaba, irin wannan na iya tayar da fitina ko ya sa a far wa wanda bai ji ba bai gani ba. Kada ku ɗauki musibar wani gida da aka sani ku mai da ita talla, iyalan na nan da ciwonsu. Kada kuma ku mai da mai laifi gwarzo, ko ku koyar da yadda ake aikata ɓarna dalla-dalla.

Ga malamai, don Allah a sa tsarin tallata fim cikin abin da ake ba wa maki. Ku kuma ƙannena, kafin ku ɗauki sin na farko, ku zauna ku rubuta amsar tambaya biyu a takarda: su wa za su kalli fim ɗin nan, kuma wace tambaya ce za ta hana su tashi sai sun ga ƙarshe? In kun amsa su, sannan ku ɗauki kyamara. Allah ya ba da sa'a.