Yadda Ake Magance Kuskuren CPF4131 a Kwamfutocin AS/400

Darasin yau ya shafi kwamfutar AS/400 da kamfanin IBM ya fitar a 1988, wadda tsarinta yanzu ake kira IBM i. Har gobe bankuna da kamfanonin inshora da masana'antu na tafiyar da tsofaffin manhajojin RPG da COBOL a kanta. Cikin matsalolin da suka fi tsayar da aiki akwai saƙon CPF4131, wanda ke fitowa daidai lokacin da manhaja za ta buɗe fayil.

Me ke jawo shi?

Kowane fayil yana da tsarin gurabensa: sunan gurbi, nau'insa, tsawonsa da jerinsa. Daga waɗannan ne na'urar ke ƙirƙiro wata lambar shaida mai haruffa 13. Ranar da aka harhaɗa manhaja, sai ta kwafi lambar ta ajiye a jikinta. Duk lokacin da za ta buɗe fayil, sai a gwada lambobin biyu. Idan suka saɓa, aiki ya tsaya.

Wannan tsayawar kariya ce. Ɗauki gurbin kuɗi mai lambobi 7 na nau'in da ake matsewa, wanda ke cin bait 4. Idan aka faɗaɗa shi zuwa lambobi 9, ya koma bait 5, duk guraben da ke bayansa sun matsa da bait 1. Tsohuwar manhaja ba ta da labari, za ta ci gaba da karatu daga tsohon wuri.

Matakan bincike

1. Buga DSPJOBLOG ka karanta cikakken saƙon. Zai ba ka sunan fayil da laburaren da aka ɗauko shi. A manhajar RPG yakan zo tare da RNX1216.

2. Buga DSPFD a kan fayil ɗin da TYPE(*RCDFMT) don ganin lambar shaidarsa ta yanzu.

3. Buga DSPPGMREF a kan manhajar don ganin lambar da ta ajiye, sai ka gwada su.

4. Kafin ka taɓa komai, duba jerin laburare da DSPLIBL, sannan ka nemo duk fayil mai wannan suna da WRKOBJ. Sau da yawa babu wanda ya canza fayil, tsohon kwafin gwaji ne ya shiga gaba a jeri. Idan haka ne, gyara jerin kawai ya isa.

Gyara na gaskiya

Idan ta tabbata an canza fayil, sai a sake harhaɗa manhajar, misali da CRTBNDRPG. Ka tabbatar sabon fayil ne a saman jerin laburare a lokacin, in ba haka ba tsohuwar lambar za ta sake kwafowa.

Kada ka tsaya kan wadda ta yi kuka kaɗai. Tura sakamakon DSPPGMREF na dukkan manhajojin laburaren zuwa fayil, ka tace waɗanda ke amfani da fayil ɗin da aka canza. Haka kuma DSPDBR zai nuna maka sauran fayilolin da suka dogara da shi. Manhajar albashi da ake kunnawa sau ɗaya a wata za ta yi shiru ne har ƙarshen wata, sannan ta tsaya ana tsaka da biyan ma'aikata.

Hattara da gajeriyar hanya

Za ka ji ana cewa a sa LVLCHK(*NO) ta hanyar CHGPF ko OVRDBF, magana ta ƙare. Saƙon zai ɓace, amma saɓanin yana nan. In ka yi sa'a manhajar za ta faɗi da MCH1202. In ba ka yi ba, za ta rubuta lissafin banza a asusun mutane ba tare da ko tari ba. Inda kawai ake ɗan lamunta shi ne idan sabon gurbin a ƙarshen tsari aka ƙara shi, kuma manhajar karatu kawai take yi. Ko a nan ma, na wucin gadi ne kafin a harhaɗa.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu a darasi na gaba.