Manhajojin Auna Haske, Kaifi da Firam a Ɗaukar Bidiyon Al'adun Hausa: Duba Daga Yankin Gude

Tsakure

Wannan takarda ta yi bayanin manhajojin da mai kyamara ke dogaro da su wajen auna haske da kaifin hoto da iyakar firam a lokacin ɗauka. An ɗora bayanin a kan yanayin Gude ta ƙaramar hukumar Kabo da maƙwabciyarta Gwarzo, a yammacin Jihar Kano. Takardar ta nuna cewa sanin waɗannan ma'aunai yana cikin dabarun tattara bayanai ga manazarcin Hausa, sannan ta kawo shawarar sunayen da za a iya kiransu da su.

1.0 Gabatarwa

Tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990 bidiyo ya zama rumbun adana maganar Bahaushe da suturarsa da wasanninsa. Sai dai kaset ɗin wancan zamani yakan dusashe duk sanda aka kwafe shi, lamarin da Brian Larkin ya tattauna a littafinsa Signal and Noise na 2008. Hoton dijital ba ya dusashewa wajen kwafa, amma abin da ya lalace a lokacin ɗauka ya tafi ke nan. Mai shirin fim yana iya maimaita fitowa. Manazarcin da ya je ɗaukar hawan salla ko dambe ko hirar dattijo ba shi da wannan dama, domin idan taro ya watse ba a sake tara shi saboda kyamara.

2.0 Yanayin Haske a Yankin

Yankin Kabo da Gwarzo yana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka rana kan tsaya tsaye a ka da tsakar yini, musamman a ƙarshen Afrilu da cikin Agusta. Hasken da ke sauka daga sama yakan bar inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin rawani ko malafa. Da hunturu kuma hazo kan rage bambancin fari da baƙi, har hoto ya fito fari-fari. Ga kuma allon kyamara ko na waya da ba ya ganuwa sosai a fili da rana.

Matsala mafi girma ita ce haɗuwar farar riga da baƙar fuska. An gina ma'aunin haske na kyamara a kan launin toka mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. Idan farar shadda ta cika firam, kyamara kan ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fuska ta nutse. Idan aka ƙara domin fuska, aikin zaren da ke wuyan riga ya ɓace.

3.0 Ma'aunan Haske

3.1 Histogiram: Jadawali ne mai kama da tudu, baƙi a hagu, fari a dama. A hoto mai bit 8 matakan haske 256 ne, daga 0 zuwa 255. Duk inda tudun ya manne da bangon dama, wani sashe ya ƙone, kuma tacewa ba ta dawo da shi. Rauninsa shi ne ba ya nuna ko riga ce ta ƙone ko sararin sama.

3.2 Ma'aunin zangon haske: Wannan yana jera haske daga 0 zuwa 100, kuma kowane gefe nasa ya yi daidai da gefen hoton. Da shi ake ganin matsayin fuska dabam, na riga dabam.

3.3 Zanen jakin dawa: Layuka ne masu karkata da ke bayyana a inda haske ya kai adadin da aka saita. Tsohuwar ƙa'idar gidajen talabijin ta sa shi a 70 domin fuska, amma an ɗora ta ne a kan farar fata. Wanda ya tilasta wa baƙar fuska kai wannan mataki zai ƙone duk abin da ke kewaye da ita. Abin da ya fi dacewa shi ne a saita shi kusa da 100, ya zama mai gadin farar riga.

3.4 Launin aro: Manhaja kan rina kowane matakin haske da launi na musamman, ta yadda kallo ɗaya zai nuna inda ya ƙone da inda ya nutse. Ma'anar launukan ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka dole a karanta jadawalin kowace na'ura.

Idan ma'auni ya nuna tazarar ta fi ƙarfin kyamara, maganin yana wajen na'ura: a mayar da mai magana inuwar bishiya ko ƙofar zaure, ko a mayar masa da haske a fuska da farin allo, ko a jira la'asar.

4.0 Kaifin Hoto

Fitowar Canon 5D Mark II a 2008 ta buɗe ƙofar ɗaukar bidiyo da kyamarori masu babban idon karɓar haske. Suna fito da mutum su dusashe bayansa, amma tazarar da ke fitowa da kaifi kan ƙuntata. A ƙaramin allo komai kan yi kamar ya fito, sai a gaban kwamfuta a tarar kaifin ya sauka a katanga. Manhajar alamar kaifi tana shafa launi a gefunan da suka fi fitowa. Ana buƙatar lura a nan: aska da sauran aikin babbar riga sun fi fuska jan wannan alama, don haka a ƙara girman hoton a tabbatar da idon mai magana. Magic Lantern, manhajar kyauta da aka fara a 2009, ta shigar da irin waɗannan ma'aunai cikin kyamarorin Canon, ita kuma Blackmagic Camera da ta fito a 2023 ta kai su cikin wayar hannu.

5.0 Iyakar Firam

Layukan firam suna nuna abin da zai rage idan aka yanke hoto. Tsohon talabijin yana kan 4:3, YouTube da tashoshi irin su Arewa24 suna kan 16:9, TikTok kuma 9:16. Idan aka yanke hoton 16:9 zuwa 9:16, abin da ke saura bai kai sulusin faɗinsa ba. Ga nazarin Hausa wannan asara ce ta hujja. Waƙar baka aikin makaɗi ne da 'yan amshinsa, kuma wanda ya cika firam da fuskar jagora ya yanke rabin waƙar. Sautin kalangu yana sauyawa ne da matsa tsarkiya a hammata, saboda haka dole hannu da gangar su shiga. Haka zaman fada: wanda ke bisa da wanda ke ƙasa, da tazarar da mai gaisuwa ya bari, duk bayani ne a kan matsayi.

6.0 Kammalawa

Sunayen da aka kawo a nan shawara ce, kuma 'yan fim suna da nasu na aro, kamar fokas da firam, waɗanda suka cancanci a tattara a daidaita. Abin da ya rage ga sassan koyar da Hausa shi ne su sa karatun waɗannan ma'aunai cikin darasin dabarun bincike, kafin a tura ɗalibi filin nazari. Wayar da ke aljihunsa ta isa fara aikin, muddin ya san abin da layukan allonta ke nufi.