Zumunta a Bakin Kogi

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:11-15, 40

'Yan'uwa a cikin Almasihu, a watan jiya na kwana a Yauri, a gidan wani tsohon abokina masunci. Da rana ta faɗi, matarsa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, iskar kogin Neja tana kaɗawa. Maƙwabta biyu suka shigo, aka kawo tuwon dawa da miyar kifi. Muna cikin ci sai ɗayansu ya fashe da kuka, ya ce ɗansa ya bar gida wata uku ke nan, babu labari. Kowace Lahadi yana cikin sujada, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Muka ajiye kwano, muka durƙusa.

Haka ikkilisiyar Filibi ta soma, wajen shekara ta 50. Manzo Bulus da Sila da Timoti da Luka sun fita bayan gari ran Asabar, zuwa bakin kogi inda mata suke taruwa don addu'a. Ubangiji ya buɗe zuciyar Lidiya, 'yar kasuwa daga Tayatira, aka yi mata baftisma tare da iyalinta. Ku lura da abin da ya biyo baya: ta matsa musu su sauka a gidanta. Ba gayyatar fatar baki ba ce irin tamu ta "sai kun zo". Da Bulus da Sila suka fito daga kurkuku, bayansu duk rauni, ina suka nufa? Gidan Lidiya. A can suka sami 'yan'uwa, suka ƙarfafa su.

A nan Dabai, hirar dare ta ragu. Na san dalili: tsoron 'yan bindiga ya sa muna kulle ƙofa da wuri, ban kuma ce kowa ya yi ganganci da ransa ba. Amma 'yan'uwanmu da suka gudo daga ƙauyukan Wasagu da Sakaba suna zaune a tsakaninmu. Waɗansu sun shekara a unguwarmu, ba wanda ya taɓa cewa su zo a ci tuwo tare. Idan dare ya gagara, ai akwai la'asar.

Kafin Lahadi mai zuwa, kowane gida ya kira iyali ɗaya daga cikinsu. Ku ci abin da kuke da shi, ku saurara, sa'an nan ku yi addu'a.

Addu'a: Ya Ruhu Mai Tsarki, ka nuna mini gidan da zan je, ka cire mini kunyar ƙaramar tukunyata, cikin sunan Yesu. Amin.