HATTARA DA RUWAN GOGE JAN FARCE!

Iyaye mata, 'yan mata, da masu sana'ar hannu na cikin Birni, a saurara.

Ruwan nan mai ƙamshi da ake goge jan farce da shi kafin alwala, sunansa asiton. Da shi kuma ake cire gam da ɗigon fenti. Yana da amfani, amma fa abokin wuta ne.

INA HAƊARINSA?

Ruwa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 100. Shi asiton 56 ya ishe shi. Da an buɗe kwalba sai ya fara tiriri, ko da sanyin hunturu ne. Tiririn nan ido ba ya ganinsa, kuma ya ninka iska nauyi. Sai ya bi ƙasa a hankali har ya iske kaskon turaren wuta, ko risho, ko maganin sauro na kunnawa. Nan take wuta ta biyo shi zuwa hannun mai riƙe da kwalba. Ɗakunanmu na cikin gari tagoginsu ƙanana ne, tiriri ba ya samun mafita.

Shaƙarsa da yawa na kawo ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Yana busar da fata, farce ya riƙa karyewa.

A KIYAYE

1. A yi aiki da shi a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa.
2. Kada a buɗe shi a ɗakin da ake turare, musamman wajen gyaran amarya.
3. A rufe kwalba da zarar an ɗiba. Audugar da aka jiƙa, kada a jefa ta murhu.
4. Kada a juye shi a gorar lemo. Yaro zai ɗauka ruwan sha ne.
5. A ajiye shi sama, nesa da rana da madafa.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Ido: a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15.

Ƙuna: a zuba ruwan sanyi minti 20. Ba a shafa ƙwai ko man goge baki.

Jiri: a fita da mutum waje ya sha iska.

Yaro ya sha: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya da shi Asibitin Yara na Hasiya Bayero, babba kuwa Asibitin Murtala. A tafi da kwalbar, likita ya gani.

ƘARIN BAYANI

Jikin mutum ma yana yin asiton. In aka ji warinsa a bakin mai ciwon sukari alhali bai taɓa shi ba, ciwon ne ya yi tsanani. Kada a kwana, a kai shi asibiti.

Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Rigakafi ya fi magani.

Sashen Ilmantar da Jama'a
Ma'aikatar Lafiya, Jihar Kano