Amsar Tambaya: Ruɗewar Tsoho a Gadon Asibiti

Tambaya: Malam, mahaifinmu na kwance a sashen kulawa ta musamman a Asibitin Murtala na Ƙofar Mata, ya daina gane mu, yana sambatu. Ko iskokai ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ka sani, tsohon da rauni ya riga ya kama, wanda tafiyarsa ta yi nauyi, jikinsa ya rame, cimarsa ta ragu, idan cuta mai tsanani ta same shi, ga zazzaɓi, ga ƙishirwa, ga rashin barci da magungunan sa maye, sai hankalinsa ya gushe farat ɗaya, ya dawo, ya sake gushewa, galibi da dare. Wani ma shiru yake yi, a zaci sauƙi ne. Likitoci sun san wannan larura, kuma sau da yawa takan yaye idan an magance sababinta.

Wajibinku ku bayyana wa likita halinsa na da, da duk maganin da yake sha, har na gargajiya. Ku kai masa tabaransa, ku riƙa sanar da shi rana da lokutan salla cikin lafazi mai taushi. Addu'a kuwa ba ta hana magani.