DARASIN LAFIYA: ƘARANCIN JINI DA ABIN DA KE CIKIN KWANONMU

 A fitowar wannan mako, Kulob ɗin 'Yan Jarida ya kawo mana darasi a kan ƙarancin jini, lalurar da ke sa ɗalibi gyangyaɗi a aji har a yi masa kallon malalaci, alhali jikinsa ne ke neman taimako. Ma'aikatan lafiya a asibitocin sha-ka-tafi suna cin karo da ita kullum, kuma babban ɓangare na rigakafinta yana cikin tukunyar gidajenmu.

MENE NE ƘARANCIN JINI?

A cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi, waɗanda ɓargon ƙashi ke ƙerawa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani sinadari mai suna haimogulobin. Aikinsa shi ne ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa da tsoka da sauran sassan jiki. Ƙwayar jini ba ta wuce kwana 120 ko kusa da haka take mutuwa, don haka jiki ba ya hutawa da ƙera sababbi. Kayan aikin da ya fi buƙata kuwa shi ne sinadarin ƙarfe, wanda muke samu daga abinci. Idan ya yi kaɗan, haimogulobin ya ragu, iskar da ke isa ƙwaƙwalwa ita ma ta ragu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni. Ana auna giram nawa na haimogulobin ke cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Ɗan shekara 12 zuwa 14, mace ko namiji, idan nasa ya gaza giram 12, yana da ƙarancin jini. Daga shekara 15 zuwa sama, ma'aunin mace giram 12 ne, na namiji 13, na mai juna biyu kuma 11 a watanni ukun farko da na ƙarshen ciki.

Kada mu ɗauka matsalar 'yan tsiraru ce. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ita, haka ma kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5.

ALAMOMINTA

1. Kasala da yawan jin barci ko da an kwana lafiya.
2. Jiri, musamman idan an miƙe tsaye ko an daɗe a layin taron safe.
3. Haki da bugun zuciya bayan ɗan gudu kaɗan.
4. Cikin fatar ido da tafin hannu da farce su yi fari-fari.
5. Ciwon kai da kasa tattara hankali ga karatu.
6. Kwaɗayin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara.

Waɗannan alamomi suna nuni ne kawai. Awon jini a asibiti shi ke tabbatarwa, kuma ɗigo ɗaya daga ɗan yatsa ya isa.

ME YA SA TA FI KAMA SA'O'INMU?

A shekarun balaga jiki na girma da sauri, yawan jini na ƙaruwa, buƙatar sinadarin ƙarfe ta ƙaru. 'Yan mata kuma suna rasa wani jinin kowane wata ta hanyar al'ada, shi ya sa buƙatarsu ta ɗara ta samari. Sannan ga ɓarayin jini guda uku da muka sani a garuruwanmu. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Wata irin tsutsar ciki tana shiga ta fatar ƙafa idan muna yawo ba takalmi, ta laƙe a hanji tana zuƙar jini. Tsargiya kuma, da ake ɗauka wajen wanka a kududdufi, tana sa fitsarin jini. Wanda ke fama da ɗaya daga cikinsu, ko me ya ci tamkar yana zuba ruwa ne a ƙwarya mai yoyo, sai an yi maganin cutar tukuna.

ABINCIN DA KE GINA JINI

Sinadarin ƙarfe iri biyu ne. Akwai na dabba, wanda hanji ke tsotsa cikin sauƙi: hanta, ƙoda, jan nama da kifi. Akwai na tsirrai, wanda ya fi arha amma ya fi wuyar tsotsa: wake, waken suya, gero, riɗi, daddawa, da ganyaye irin su zogale, alayyafo, rama da kuka. Ke nan ƙosai da alale da awara da kwaɗon zogale da miyar kuka duk suna cikin layi.

Mun san ba kowane gida ke iya sayen nama kullum ba. Ga dabaru huɗu da za su sa jiki ya amfana da na tsirrai sosai:

Na ɗaya, mu haɗa shi da bitamin C, domin yana taimaka wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe. A matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, a yanka ɗanyen tumatir a kan shinkafa da wake, a ci gwaiba ko lemon zaƙi ko mangwaro bayan abinci. Gwaiba ma ta fi lemo yawan wannan bitamin.

Na biyu, ɗan nama ko busasshen kifi a cikin miyar ganye, komai ƙanƙantarsa, yana ƙara yawan abin da jiki zai tsotsa daga ganyen.

Na uku, jiƙa hatsi da barin shi ya yi tsami, kamar yadda iyayenmu mata ke yin gasarar koko, yana rage wani sinadari na cikin hatsi da ke riƙe ƙarfen ya hana shi shiga jini. Haka ma jiƙa wake kafin a dafa.

Na huɗu, kada a bar ganye a kan wuta har ya yi baƙi, kuma a sassauta kanwa. Doguwar dahuwa da kanwa duk suna lalata bitamin C.

SHAYI DA LEMON MALT

Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke kama ƙarfen da ke cikin abinci ya hana hanji tsotsarsa. Ba mu ce a daina shan shayi ba, amma a ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsa da abinci. Samarin da ke dafa shayi mai kauri da zarar an gama tuwon dare, wannan saƙonku ne.

Akwai kuma maganar da ta yaɗu cewa lemon malt da madarar gwangwani suna ƙara jini. Madara abinci ce mai kyau ga ƙashi da haƙora, sai dai sinadarin ƙarfen da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai. Lemon kuwa akasarinsa ruwa ne da sukari. Kuɗin gwangwani biyun nan zai sayi wake da zogale da lemon tsami, har da ɗan yankin hanta. Haka nan jan launin abin sha ba shi ke nuna zai zama jini ba.

KADA MU ZAMA LIKITOCIN KANMU

Ba kowane ƙarancin jini ne ke zuwa daga abinci ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu ciwon sikila, kuma nasu ƙarancin jinin ya samo asali ne daga saurin mutuwar ƙwayoyin jini. Mai sikila, musamman wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, ƙwayar maganin ƙarfe na iya cutar da shi. Saboda haka kada kowa ya shiga kemis ya sayi maganin ƙara jini ba tare da awo ba. Wanda aka rubuta wa, ya shanye yadda aka ce, ko da ya ji sauƙi, domin cike rumbun jiki kan ɗauki watanni. Idan bayan gida ya yi baƙi, aikin maganin ne. A kuma ɓoye shi daga ƙannenmu, don yana da haɗari ƙwarai idan ƙaramin yaro ya haɗiyi da yawa.

Duk wanda ya suma, ko yake haki yana zaune, ko ya ga jini a fitsari, ko wadda al'adarta ta wuce kwana 7, a sanar da iyaye a tafi asibiti ba jinkiri.

ROƘONMU GA MALAMAI DA 'YAN UWA

Malamanmu, idan kun ga ɗalibi ya faye gyangyaɗi ko ƙoƙarinsa ya ja baya, don Allah a tambayi lafiyarsa kafin a ɗauko bulala. Mu kuma ɗalibai, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: mu karya kumallo kafin mu fito, mu fifita ƙosai da awara a kan alewa da biskit a lokacin tara, mu sa takalmi, mu kwana cikin gidan sauro, mu karɓi maganin tsutsar ciki idan ma'aikatan lafiya sun kawo makaranta.

TAMBAYOYIN MAKO

1. Kwana nawa jar ƙwayar jini ke yi kafin ta mutu?
2. Kawo cututtuka 3 da ke jawo ƙarancin jini.
3. Me ya sa ake matsa lemon tsami a kwaɗon zogale?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani, amin.